Daga Ramin Hatsi Zuwa Garin Ƙarfe: Tarihin Hana Ƙwaro Numfashi

Wanda ya taɓa yage ledar busasshen nama ko ta wani kayan ƙwalama da aka shigo da shi daga waje, mai yiwuwa ya ci karo da wani ɗan ƙunshi a ciki, an rubuta masa gargaɗin kada a ci. Irin wannan ƙunshi kashi biyu ne. Akwai na tsotse laima, akwai kuma wanda garin ƙarfe ne a cikinsa, aikinsa zuƙe iskar oksijin da ta rage bayan an liƙe ledar. Na biyun shi ake sayarwa da lamba a jiki: 50cc, 100cc, 300cc, 500cc, har 2000cc. Mai saye da ya saba da maganin ƙwari yakan karanta lambar nan a matsayin ƙarfin magani, ya ɗauka mai 2000 ya fi mai 300 kisa, ko ya nemi a faɗa masa mudu nawa na wake kowanne yake ɗauka. Wannan fahimta karkatacciya ce, kuma tana iya jawo asarar abincin shekara. Lambar iska take aunawa, wato yawan oksijin da ƙunshin zai iya haɗiyewa kafin ya ƙoshi. Hanya mafi sauƙi ta gane haka ita ce a bi tarihin dabarar, domin ƙunshin sabon abu ne amma aikin da yake yi ya haura shekara dubu biyu a hannun manoma. A tsawon wannan zamani abin da yake cinye iskar ya yi ta canjawa, daga hatsin kansa zuwa ƙwaro zuwa ƙarfe. Sharuɗɗa biyu ne ba su taɓa motsi ba: mazubi ya rufu ruf, abin da ke ciki kuma ya bushe.

Tsohuwar shaida a rubuce tana cikin littafin noma da wani malamin Rum mai suna Varro ya rubuta a shekara ta 37 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya ba da labarin manoman Kapadokiya, a Turkiyya ta yau, da na wasu sassan Sifaniya, waɗanda suke haƙa rami a ƙasa, su shimfiɗa tattaka a gindinsa, su zuba tsaba, su toshe bakin yadda iska da ruwa ba za su shiga ba. Ya ce alkama tana kai shekara hamsin a irin wannan rami, gero kuma ya haura ɗari. Mai karatu yana da damar ya yi shakkar waɗannan shekaru, don ba Varro ne ya zauna ya ƙirga su ba. Amma akwai abu biyu da ya faɗa waɗanda binciken zamani ya gaskata. Ya lura cewa inda iska ba ta kai ba ƙwaro ba ya hayayyafa. Ya kuma yi gargaɗin kada a yi gaggawar shiga rami da zarar an buɗe shi, domin an sha samun waɗanda numfashinsu ya ɗauke a ciki. Sai a shekarun 1770 masana a Turai suka ware oksijin suka gane shi ne ɓangaren iska da rai ya dogara a kai. Ke nan manoman can sun yi kusan shekara dubu ɗaya da ɗari takwas suna amfani da ƙarancin oksijin, suna kuma tsoron haɗarinsa, ba tare da sun san sunansa ba.

Yadda ramin yake aiki ya fito fili a shekarun 1970, lokacin da Peter Reynolds ya riƙa haƙa irin ramukan mutanen da a gonar gwaji ta Butser da ke kudancin Ingila, yana zuba hatsi yana auna iskar ciki. Hatsin da ya jingina da bangon rami yana shan laimar ƙasa, sai ya fara tsiro, fumfuna kuma ta kama shi. Tsiron nan da fumfunar duk numfashi suke yi, suna shaƙar oksijin suna fitar da iskar kabon. Cikin 'yan makonni iskar ramin ta ƙare, komai ya tsaya cik, hatsin tsakiya ya kwanta lafiya. Idan an buɗe, za a tarar da ɓawon ruɓaɓɓen hatsi manne da bango, shi ne kuɗin da aka biya don a tsirar da sauran. Wannan dabara ba ta tsaya a Turai ba. A Maroko da Sudan ana kiran irin ramin maɗmura, manoman dawa a filayen baƙar laka na Sudan sun dogara da shi a shekarun fari, ana kuma samun irinsa a wasu sassan Borno. Yana da wani amfani da ba na kimiyya ba, domin mahara da masu karɓar haraji suna hango rumbu daga nesa, rami kuwa sai mai shi. Abin lura a nan shi ne ƙa'idar da duk masu wannan al'ada suka yi tarayya a kai, wato a cika rami har baki. Rami da aka bar rabinsa fanko yana da iska mai yawa, sai hatsi mai yawa ya ruɓe kafin ta ƙare. Wannan shi ne lissafin da lambar jikin ƙunshi take yi a yau, sai dai a da ba a rubuta shi.

A nan wani zai ce ai kakanninmu a ƙasar Hausa ma sun san wannan, ga rumbu nan shaida. Maganar tana da daɗin ji, amma ba haka tarihin yake ba, kuma faɗin gaskiyar ba ya rage wa rumbu daraja. Rumbu wata hikima ce daban. Ana ɗora shi a kan duwatsu don kada laimar ƙasa da gara su kai gare shi, a kifa masa jinka don ruwan sama, a jera damman gero da dawa a ciki ba tare da an sussuke ba. Zangarniya da kanta garkuwa ce, iska tana ratsa damman tana ƙara busar da su, ƙwaro kuma ba ya samun sauƙin yawo kamar yadda zai samu a cikin tsaba. Shawarar da ta zo a ƙissar Annabi Yusuf (AS), ta barin hatsi a zangarniyarsa saboda shekarun yunwa, ita ce manomin Hausa ya rayu a kai, da ita ake cika rumbun tsimi. Ko rumbun laka da ake yaɓe bakinsa ba ya hana iska shiga gaba ɗaya, domin busasshiyar laka tana da ƙananan kafofi. Saboda haka makamin rumbu bushewa ne. Ya yi wa gero aiki sosai, amma ya gaza a kan wake. Ƙwaron wake tun a gona yake shiga, macen tana manna ƙwai a jikin ƙwaya, tsutsar ta huda ta shige ta ci daga ciki, cikin mako uku zuwa huɗu a lokacin zafi sabon ƙwaro ya fito ya sake zagaye. Waken da aka ajiye da kaka, kafin bazara ya zama huji da gari. Maganin da iyayenmu mata suka samo shi ne cakuɗa wake da tankaɗaɗɗiyar toka ko yashi a cikin tukunya. Tokar tana cike gurbin da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya, ta hana ƙwaro motsi da saduwa. Wannan gurbi na tsakanin ƙwayoyi ya kamata mai karatu ya riƙe shi, don a kansa duk lissafin ƙunshi yake.

Yaƙi ne ya sa masana suka waiwayi ramin da. A Yaƙin Duniya na Ɗaya Ingila ta tara alkama mai yawa, ƙwari suka far mata, sai aka sa Arthur Dendy da H. D. Elkington su bincika, suka fitar da rahotanni tsakanin 1918 da 1920 da suka nuna ƙwarin hatsi suna mutuwa a rufaffen mazubi ba tare da an sa musu komai ba. A Yaƙi na Biyu hanyoyin jiragen ruwa suka toshe, Ajantina ta rasa inda za ta kai hatsinta, ta gina manyan ramukan siminti marasa shigar iska da suka ɗauki fiye da tan miliyan ɗaya. Daga 1955 S. W. Bailey a Ostireliya ya nuna cewa raguwar oksijin ce take kashe ƙwarin, idan ta sauko wajen kashi 2 cikin 100, fiye da taruwar iskar kabon. Kenya ma ta gina irin waɗannan rufaffun rumbuna a Kitale da Nakuru. Ilimin ya kammala, amma duniya ta juya masa baya, domin a daidai wannan lokaci magungunan ƙwari na zamani suka cika kasuwa, masu arha, masu saurin kisa, waɗanda ba sa bukatar a gina komai.

Ƙasar Hausa ta shiga wannan zamani ta ƙofar gyaɗa. Dalar gyaɗa ta Kano, buhuna dubbai da ke jiran jirgin ƙasa wata da watanni, ta zama gidan ƙwari, kuma kula da ingancin kayan da ake fitarwa waje shi ya sa Turawan mulki suka kafa sashen binciken ajiyar amfanin gona na Afirka ta Yamma a 1948, wanda ya zama cibiyar NSPRI ta yau mai hedikwata a Ilori. A rufe dala da tamfol, a saka mata hayaƙin guba, haka aka saba. Abin da ya sauko daga can zuwa kasuwannin ƙauye shi ne tunanin cewa ajiya tana nufin a sayo magani a zuba. Daga nan aka samu masu barbaɗa Gamalin a wake, da masu yayyafa fiya-fiya, da masu jefa ƙwayar hayaƙi a buhun da aka jingine a ɗakin kwana. Ita wannan ƙwaya ma, don a ga yadda gaskiyar ba ta canja ba, an yi ta ne don rufaffen wuri inda hayaƙin zai zauna kwanaki. A buhun saƙa hayaƙin ficewa yake yi, ya bar ƙwai da rai, ya shiga huhun mutanen gida. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin dikilobos, wanda shi ne ke cikin fiya-fiya, ta kuma tsawaita dakatarwar a 2016. Turai tana da ɗakunan gwaji da ikon mayar da kaya. Uwar da ta auno mudu biyu a kasuwa ba ta da ko ɗaya, ita da 'ya'yanta suke cinye abin da aka hana tsallake teku.

Dawowar tsohuwar dabara ta faro ne daga Marwa, a arewacin Kamaru. Daga 1987 masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Larry Murdock, suka yi aiki da takwarorinsu na cibiyar binciken noma ta Kamaru a kan hanyoyin ajiye wake ba magani. Sun gwada toka, sun gwada shanya wake a rana ƙarƙashin leda, a Senegal kuma an riga an ga amfanin duro na ƙarfe mai murfin murɗawa. Daga cikin gwaje-gwajen nan aka samu dabarar leda cikin leda cikin buhu. A 2007 Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da kuɗin yaɗa ta a ƙasashe goma na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, aka sa mata suna PICS, kamfanin Lela Agro na Kano ya shiga sahun farko na masu yin buhun, Ibrahim Baoua da abokan aikinsa a cibiyar INRAN ta Maraɗi kuma suka yi gwaje-gwaje masu yawa a kansa. Ba abin mamaki ba ne aikin ya fi ƙarfi a nan, tun da Najeriya da Nijar su ne kan gaba a noman wake a duniya. Buhun ruɓi uku ne: ledoji biyu masu kaurin maikiron 80 kowace, sai buhun saƙa a waje don ɗaukar nauyi. Yadda ake ɗaure shi ya isa darasi. Kafin a zuba komai sai an hura iska a kowace leda an matsa, a saurara ko akwai huji. A zuba wake a ta ciki, a girgiza ya zauna, a danne saman a fitar da iska, a murɗe wuyan ledar, a lanƙwasa shi gida biyu, a ɗaure da igiya. Sannan a yi wa ta biyu haka ita kaɗai, sannan buhun waje. Bayan wata huɗu ko shida malaman gona sukan tara jama'a a kwance buhun a gabansu, don idon manomi ya gani da kansa.

A cikin wannan buhu ƙwaro ne yake haƙa kabarinsa. Shi da tsutsotsinsa suke shaƙe oksijin ɗin da ke tsakanin ƙwayoyi, ledar ta hana sabo shiga da sauri. A 2012 Murdock da abokansa suka bayyana wani abu mai ban sha'awa game da mutuwar. Tsutsar da ke cikin busasshen wake ba ta da ruwan sha, jikinta ne yake samar da ruwa idan ya ƙona abinci da oksijin. Da oksijin ya ragu sai ta daina ci, ruwan ya yanke, ƙishirwa ta ƙarasa ta. Dabarar tana daidaita kanta da kanta, domin idan ƙwari sun yi yawa iskar takan ƙare da wuri, idan kuma kaɗan ne ɓarnarsu kaɗan ce kafin ta ƙare. Sai dai tana da iyaka. Abincin da ba ƙwaro a cikinsa, kamar garin madara ko soyayyen abu mai maiƙo, babu mai cinye masa iska. Oksijin zai zauna a ciki yana sa mai ya yi wari, launi ya dushe, ɗanɗano ya gudu. Wannan giɓi ne garin ƙarfe ya zo cikewa.

Japan ƙasa ce mai laima da zafi a damina, kayan zaƙinsu na shinkafa kuma suna saurin yin fumfuna. A 1974 gwamnatinsu ta hana amfani da wani sinadarin hana ruɓewa mai suna AF-2 bayan an gano haɗarinsa ga lafiya, jama'a suka ƙara ƙyamar duk abin da ake zubawa a abinci don ya daɗe. A 1977 kamfanin Mitsubishi Gas Chemical ya fito da ƙunshi mai suna Ageless. Abin da ke ciki ba asiri ba ne: lallausan garin ƙarfe, ɗan gishiri, da abin riƙe laima, a cikin takarda mai barin iska ta ratsa. Ƙarfe idan ya haɗu da oksijin da laima tsatsa yake yi, gishiri yana hanzarta tsatsar, kasancewarsa gari kuma ya sa aikin da zai ɗauki shekaru yake ƙarewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa ƙunshin yake yin ɗumi a hannu idan ya fara aiki. A rufaffen mazubi yana iya sauke oksijin daga kashi 21 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 0.1, matakin da rami da buhu ba kasafai suke kaiwa ba. Daga baya ya bazu a Amurka, a abincin sojoji da kuma gidajen mabiya cocin Mormon, waɗanda addininsu ya kwaɗaitar da su tanadin abinci mai daɗewa, suna zuba alkama da shinkafa a gwangwani da leda mai shafin alminiyum. Sabon abin da ƙarfe ya kawo shi ne tabbas. Ba wanda zai iya faɗin yawan iskar da fumfunar rami ko ƙwarin buhu za su ci, amma giram ɗaya na ƙarfe an san yana iya ɗaukar wajen cc 300 na oksijin. Da aka samu abin da ake iya aunawa, sai aka samu lambar rubutawa.

Lissafin ba shi da wuya. Cc ɗaya daidai yake da mililita ɗaya, ma'aunin da ke jikin sirinjin allura, cc 1,000 kuma lita ɗaya ke nan. Ƙunshi mai 300cc alkawari ne cewa zai zuƙe aƙalla cc 300 na oksijin zalla. Tun da oksijin kashi 21 ne cikin 100 na iska, wannan ya ishi iska kusan lita ɗaya da rabi. Tambayar da ta rage ita ce iska nawa ce a mazubin. A wake ko masara, gurbin da ke tsakanin ƙwayoyi yana kai wajen kashi 40 cikin 100 na mazubin ko da an cika shi fal. A gari, duk da ido yana ganinsa a cunkushe, iskar takan haura rabi. A ɗauki jarka mai lita 25 cike da wake: iskar ciki wajen lita 10 ce, oksijin ɗinta cc 2,100, saboda haka ƙunshi ɗaya mai 2000cc yana bakin gaɓa, takwas masu 300cc kuwa sun wadatar. Yanzu a zuba wake rabin jarkar kawai. Fankon sama lita 12 da rabi, gurbin cikin waken lita 5, oksijin ya tashi zuwa wajen cc 3,700. Abinci ya ragu da rabi, bukatar ƙunshi ta kusa ninkawa. Wanda yake lissafi da mudu zai rage ƙunshi a daidai inda ya kamata ya ƙara. Kwalba mai lita ɗaya cike da tsaba kuwa, mai 100cc ya ishe ta.

Mai sayarwa zai ce to a huta da lissafi, a sayi babba a jefa. Akwai gaskiya a maganarsa, domin ƙari ba ya cutar da busasshen abinci, kuma barin rara hikima ce. Amma babban ƙunshi ba ya toshe kafa. Lambar ta ginu ne a kan zaton cewa iskar da aka rufe a ciki ita ke nan, ba wata mai zuwa. Idan murfi bai zauna ba, ko leda ta huje, ƙunshin zai yi ta zuƙar iskar duniya har ya ƙoshi, daga nan ya zama tsatsa kawai. Ko ba huji, ledar da aka saba da ita da robar jarka suna barin oksijin ya ratsa su a hankali. Ga ƙwaro wannan ratsawa ba ta isa ceto ba, shi ya sa buhun PICS yake aiki, amma ga ƙunshi ci ne ba ƙaƙƙautawa, wata da watanni. Gwangwani, kwalba mai murfin roba a ciki, da leda mai shafin alminiyum da aka liƙe da zafi, su ne suke riƙe alkawarin lambar shekaru. Akwai kuma matsalar da ta fi kusa da kasuwanninmu, inda aka saba kwance babban ƙunshi a sayar ɗai-ɗai. Wannan kaya ba ya jure haka. Daga lokacin da aka yage ledar da ya zo a ciki ya fara aiki, shi ya sa ake so a gama sa shi a liƙe cikin 'yan mintuna, ragowar kuma a cusa su a ƙaramar kwalba a rufe. Mai rai idan an taɓa shi garin yana motsi a sake, matacce ya daskare ya yi tauri, amma lambar da ke jikinsu iri ɗaya ce. Wasu kamfanoni suna haɗawa da 'yar ƙwayar shaida, ruwan hoda idan ba oksijin, shuɗiya idan ya shiga. Kada kuma a yanke hukunci da ganin leda ba ta manne da abinci ba, domin kashi 78 na iska naitirojin ne, ƙunshin ba ya taɓa shi, abin da zai ragu bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba.

Sharaɗi na biyu, bushewa, shi ne wanda sakaci a kansa yake iya kai wa ga rasa rai. Akwai ƙwayar cutar da ke cikin ƙasa wadda ba ta girma sai inda babu oksijin, ita ce mai haddasa gubar botulizim, dafin da yake shanye jiki har ya tsayar da numfashi. Abin da yake hana ta tashi a busasshiyar tsaba shi ne rashin ruwa. Wanda ya sa ƙunshi a abinci mai ɗanshi ya liƙe, ya kore mata abokin gaba ya bar mata abin sha. Saboda haka masu ba da shawara kan ajiya mai tsawo suke cewa laimar abincin kada ta wuce kashi 10 cikin 100. Cizon ƙwaya a ji ta yi ƙas, ko girgiza tsaba da busasshen gishiri a kwalba a ga bai manne ba, gwaji ne mai kyau ga buhu, amma yana nuna laima ta sauka ƙasa da wajen kashi 14 ne kawai. A nan arewa tana da wata baiwa: iskar hunturu tana busar da tsaba ƙasa da kashi 10 ba tare da inji ba, don haka lokacin liƙe ajiya shi ne tsakiyar hunturu, kafin laimar bazara ta dawo. Masu kilishi da dambun nama da suke son kayansu su yi nisa, wannan gargaɗi nasu ne kafin kowa, domin bushewar nama ba ta zama ɗaya daga yau zuwa gobe, sai an kai an auna. Sukari da gishiri kuwa ba sa bukatar ƙunshin sam, dunƙulewa kawai za su yi.

Saura ƙorafin ɗan kasuwa, kuma shi ya fi kowanne nauyi. Mai ajiye buhu ɗari biyar a kasuwar Dawanau zai ce magani ya fi arha, kuma mai saye yana so ya soka ƙarfe a buhu ya ga samfur, abin da rufaffiyar leda ba ta yarda da shi ba. Game da ƙunshi yana da gaskiya ɗari bisa ɗari. Buhu mai kilo 100 na wake yana ɗauke da iska sama da lita 50, oksijin wajen cc 11,000, wato kusan ƙunshi arba'in masu 300cc, don aikin da ƙwarin ciki za su yi kyauta a buhu mai ruɓi uku. Sa shi a nan ɓarnar kuɗi ce. Game da magani kuwa arharsa ta ƙarya ce, domin an bar kuɗin asibiti da kasuwar da aka rasa a wajen lissafi, kuma buhun leda idan an kiyaye shi daga ɓera da ƙusa yana yin kaka fiye da ɗaya. Samfur kuma ana iya ware shi a gefe tun ranar ɗauri. Kowace dabara da muhallinta: dami a rumbu, tsabar wake da masara a buhu mai ruɓi uku ko duro cike fal, ƙunshin ƙarfe kuma ga ƙananan mazubai masu hana iska da gaske, ga garin kunu da busasshen kayan miya da tsabar da ake son ta yi shekaru.

Masu shigo da wannan ƙunshi su sayar da shi a rufe yadda ya zo, su kuma buga bayaninsa da Hausa a jikin leda: lita nawa ta iska yake ɗauka, wane mazubi ya dace da shi, wane abinci ne bai kamata a sa masa ba. Malaman gona da masu shirye-shiryen noma a rediyo su koyar da lissafin lita da jarka a gaban jama'a, kamar yadda aka koyar da ɗaurin buhu, tun kafin kayan ya cika kasuwa a fara kiransa magani.